Malama Hasiya da Rijiyar Mahaifinta

Ƙarfe shida da rabi na safe Malama Hasiya Mahdi take fitowa daga gida, da suwaita a ƙarƙashin mayafi saboda sanyin Bukuru, jaka a kafaɗa, tsohon buhun shinkafa a hannu. Ba ta hawa keke sai in ruwa ya tsuge. Da ƙafa take bi ta bakin kasuwa, ta karɓi kwalayen da masu shago suka ajiye mata, ta leƙa wajen teloli ta kwashi ƙyallaye, wani lokaci har murafen kwalba take tsinta a hanya. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka jari-bola take yi. Kafin a kaɗa ƙararrawa ta isa makarantar firamaren gwamnati da ke bayan tsohon layin dogo, ta buɗe aji biyar, ta jawo bencina ta haɗa su gungu-gungu, yara takwas-takwas suna fuskantar juna. A can saman allo akwai tambaya guda a rubuce, ba a goge ta sai zangon karatu ya ƙare. Kuma ba ita ke kawo tambayar ba, daga bakin yara take fitowa.

Shekara talatin da biyar ke nan tana wannan aiki, ƙarshen zangon nan za ta ajiye alli. Ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba, ba ta da lambar yabo ko ɗaya a bangon ɗakinta. Shi ya sa na zaga wajen waɗanda suka ga aikinta da idonsu, na tattaro abin da suka faɗa, don a jinjina mata tana raye tana ji.

Ita da bakinta take cewa shekarunta tara na farko ba abin tinƙaho ba ne. Yadda aka koya mata haka ta koyar: ta cika allo da rubutu yara su kwafa, ta faɗa su maimaita, wanda ya kuskure ya miƙo hannu ya sha bulala biyu. Ajinta ya fi kowane aji shiru. Ana yabonta a kan haka, ita ma ta ɗauka ta iya.

Wata ranar Laraba, bayan an raba sakamakon jarrabawa, sai ga Oga Emenike kafinta a ƙofar aji, riƙe da hannun ɗansa Obum, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Malama, ba faɗa na zo yi ba," in ji shi. "Yaron nan ya zo na ɗaya a lissafi, na ji daɗi sosai. Jiya na ce ya auna mini katako santimita arba'in da biyar, ya riƙe tef yana kallona. Na ce ko tsorona yake ji. To ga shi nan, ki gwada shi da kanki."

Ta karɓi tef ɗin ta miƙa wa Obum, ta ce ya auna faɗin teburinta. Yaron ya karanto mata cewa santimita ɗari ne mita ɗaya, mita dubu ne kilomita ɗaya, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Amma bai san ta wane gefe ake fara ɗora tef ba. Da uban ya tafi ta gwada ajin gaba ɗaya. Cikin yara sittin da huɗu, biyar ne suka iya, huɗu daga cikinsu kuma 'ya'yan teloli ne, a shago suka koya ba a wajenta ba. Ranar ta kasa cin abincin rana. Ta zauna tana kallon littattafan da ta cika da jan biro tana ba da maki, tana tambayar kanta me ta yi wa waɗanda suka riga suka wuce ta hannunta.

Oga Emenike ya tsufa yanzu, ya bar wa yaransa shago. Da na tuna masa da ranar sai ya yi dariya ya ce, "Na yi tsammani za ta ce ni ba malami ba ne, me na sani. Sai ta ce, Oga, ka bar mini tef ɗin zuwa Juma'a. Har yau Juma'ar ba ta zo ba."

A lokacin kusan kashi ɗaya cikin uku na ajin a ƙasa suke zama, ga karyayyun bencina jibge a sito. Sai ta ce yaran ne za su gyara su, a nan za su koyi awo. Aikin farko ya watse mata a hannu. Yara huɗu suna aiki, sittin suna ihu. Wata yarinya ta buge yatsa da guduma, uwar ta zo har aji ta ce ita karatu ta turo 'yarta ba ƙwadago ba. Hedimastan wancan lokacin ya ce a mai da katakan sito, a koma allo.

Ta mai da katakan, amma ba ta koma yadda take ba. Hutun ƙarshen zango gaba ɗaya ta yi shi a kan manhaja, tana bin ta layi-layi, tana rubuta a gefe inda kowane darasi zai shiga cikin aikin benci: awo da raba lamba a yankan katako, rubutun wasiƙa a neman izini da roƙon ƙusoshi, zane a tsara yadda bencin zai kasance. Ta raba ajin rukuni-rukuni, kowane yaro da abin da ke wuyansa, mai awo daban, mai rubutawa daban, mai duba aikin ɗan'uwansa daban. Guduma kuwa ba mai taɓa ta sai Oga Emenike yana tsaye. Da aka dawo hutu ta ajiye takardun a gaban hedimasta ta ce ya nuna mata darasi ɗaya da ta tsallake. Bai samu ba. Kafin ƙarshen zangon babu yaron da ke zaune a ƙasa.

Ta ce sai da ta shekara uku kafin hannunta ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ta wuya shi ne kame bakinta. Yara na gardama a kan amsar da take gani ƙuru-ƙuru, harshenta na ƙaiƙayi, amma sai ta haɗe hannu a baya ta ce, "To, ta yaya za mu tabbatar?"

Malama, ke ce kika yarda kika koma ɗaliba kina da shekara tara a bakin aiki, kafinta ya nuna miki giɓinki kika gode masa. Da yawa a cikinmu da sun kore shi.

Daga nan kowane aji ya zo da tasa tambayar. Wasu sun shuka kabeji a kashi uku don su gane wane taki ya fi. Wasu sun bi tsofaffin da suka yi haƙar kuza gida-gida, suka rubuta labarinsu da Hausa da Turanci, suka ɗinke shi littafi a wajen tela. Yaran da suka shigo aji biyar ba sa iya haɗa baƙi suka fita suna karanta abin da suka rubuta da hannunsu, saboda abin nasu ne, suna son a ji. Amma duk wanda ka tambaya a Bukuru game da Malama Hasiya, maganar rijiya zai fara yi maka.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da faruwar abin. Damina ta kankama, tana kiran suna da safe, gurbi bayan gurbi ba kowa. Sai wata yarinya mai suna Sumayya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa duk damina ajinmu yake raguwa?" A ranar ƙanin Sumayya yana kwance a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa saboda gudawa, kuma a daminar da ta wuce an rasa wata yarinya 'yar aji biyu da irin ciwon. Malama Hasiya ta ɗauki alli ta rubuta tambayar a saman allo.

Mako shida suka yi a kai. Suka fara da rajistar makaranta, suka fitar da sunan duk wanda ya yi fashi fiye da kwana biyu. Suka tsara tambayoyi biyar a takarda, suka bi gidajen bibbiyu bayan an tashi: me ya same shi, yaushe, me ya ci, ina kuke ɗibar ruwa, kuna tafasawa. Wani rukunin ya haɗa kwalaye ya zana taswirar unguwa, layi-layi, da kowace rijiya da kowane famfo. Duk gidan da aka yi gudawa sai a liƙa masa jan ƙyalle.

Ranar da suka gama liƙawa suka ƙirga. Gidaje ashirin da uku ne da jan ƙyalle, goma sha bakwai daga ciki rijiya ɗaya suke ɗiba. Malama Hasiya ba ta buƙaci a karanta mata sunan ba. Rijiyar Malam Mahdi ce, mahaifinta.

Malam Mahdi lebura ne a zamanin kuza, kuma gwanin haƙa. Da aikin ya mutu, shi da hannunsa ya haƙa rijiyar a ƙofar gidansa, ya ce sadaka ce, kada a taɓa hana kowa, Musulmi ko Kirista, ɗan gari ko baƙo. Ko a kwanakin rikici da mutane suka daina shiga layin juna ba a daina jefa guga a cikinta ba. Ya rasu ya bar gidan a hannun babban ɗansa Gwadabe. Ita Hasiya aure ya kai ta wani gefen gari, amma da ruwan rijiyar nan aka yi mata wankan jego.

"Malama, ai ta gidanku ce," wani yaro ya faɗa a hankali.

"Na gani," ta ce. "Ku sake ƙirgawa daga farko. Rukuni na ɗaya ya duba aikin na biyu."

Ta gaya mini cewa ba don koyarwa kawai ta faɗi haka ba. A ranta addu'a take Allah ya sa sun yi kuskure. Suka sake zagawa, suka dawo da goma sha takwas, ashe ɗaya daga cikin gidajen suka tsallake a ƙirgar farko. Sai ta ce, "To, shekara arba'in ana shan ruwan nan lafiya. Me ya canza?" Yaran suka je da tef suka auna duk abin da ke kewaye da rijiyar. Shekara uku kafin nan Gwadabe ya ƙara ɗakunan haya a gidan, ya haƙa musu sabon masai a jikin katanga. Mita bakwai ne tsakaninsa da rijiyar, kuma shi ne a tudu.

Bayan la'asar ta je gidan. Ta tarar da yayanta a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta shimfiɗa taswirar a gabansa ta yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har ta gama.

"Yanzu Hasiya, yaran firamare ne za su ce rijiyar Baba na kashe mutane?"

"Ba rijiyar ba ce, Yaya. Masan ne ya yi kusa da ita."

"Wato ni ne ke nan."

"Ban ce ka sani ka yi ba. Ni ma sau nawa na shigo gidan nan ban lura ba."

"Ki naɗe kwalinki. Abu ɗaya mutumin nan ya bari da ake sa masa albarka kullum, shi za ki tsaya gaban jama'a ki zubar? In kin yi, kada ki ƙara cewa da ni Yaya."

Ta naɗe taswirar. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Yaya, Baba don mutane su sha su rayu ya haƙa ta. Da yana nan, da kansa zai rufe ta yau." Sannan ta fita.

Al'adar ajinta ce a ƙarshen kowane aiki a kira iyaye, yara su tsaya su faɗi abin da suka gano. Mista Rwang, wanda shi ne hedimasta a lokacin, ya kira ta ofis. Mutum ne mai son zaman lafiya, kuma yana ganin girmanta. Ya ce, "Malama, a cire sunan rijiyar daga taswira. Yara su ce a riƙa tafasa ruwa, shi ke nan. Ni zan samu yayanki a hankali." Ya ba ni labarin amsarta kusan kalma da kalma, don ya ce bai manta ba. Ta ce, "Oga, shekara da shekaru ina ce musu su bi abin da awo ya nuna. In na goge sunan nan, na koya musu cewa gaskiya tana tsayawa a ƙofar gidan malami. Ba za su ƙara yarda da ni ba, kuma suna da hujja."

Amma ba ta yi gaggawa ba. Ta ce wa yaran taswira zato mai ƙarfi ce, ba tabbaci ba, a nemo wanda ya fi su sani. Suka rubuta wasiƙa zuwa ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, suka gyara ta sau huɗu kafin ta yarda a kai. Kafin amsa ta zo suka bi gidajen nan goma sha takwas suna roƙon a tafasa ruwan sha. Wasu suka karɓa, wasu suka kore su, wata tsohuwa ta aika mata da cewa boko ya sa ta manta nonon da ta sha. Bayan kwana tara Madam Gertrude, duba-gari, ta zo ta ɗebi ruwan a kwalba aka kai gwaji. Sakamakon ya nuna ƙazantar masai na shiga ruwan. Ta kuma gaya wa yaran cewa tazarar da ake so ta kai mita talatin.

Ranar taron ajin ya cika har tagogi. Malama Hasiya ta zauna a gefe. Sumayya ce ta riƙe sanda tana nuna taswira. Da ta ambaci sunan rijiyar sai guna-guni ya tashi. Wani dattijo ya miƙe ya ce wannan rashin kunya ne, mamaci ake ci wa mutunci. Yarinyar ta juya ta kalli malamarta. Malama ta gyaɗa mata kai kawai, sai Sumayya ta ce, "Baba, ba mu ce Malam Mahdi ya yi laifi ba. Ga yadda muka ƙirga, ga takardar gwajin ruwa. Duk wanda yake so ya zo mu sake yi tare."

Daga can baya wani ya ce, "Mita nawa kuka ce?" Gwadabe ne, ba wanda ya ga shigowarsa.

"Bakwai, Baba."

"Ku ba ni abin awon."

Ya karɓa ya fita bai kalli ƙanwarsa ba. Maƙwabta sun gan shi ya auna sau biyu shi kaɗai, ya tsaya ya daɗe a bakin rijiyar. Washegari ya ɗora mata kwanon rufi ya danne da dutse, ya ce kada wanda ya ƙara ɗiba. A makon ya toshe masan ya sa aka haƙa wani a ƙarshen gida. Da rani ya shigo matasan layin, na masallaci da na coci, suka taru suka yashe rijiyar, aka ɗaure ta da siminti tun daga ciki har baki, aka yi mata murfi. Madam Gertrude ta sake gwada ruwan sau biyu kafin ta yarda a buɗe.

Duk da haka Gwadabe bai yi wa Hasiya magana ba. Ta je gaisuwa ya amsa a taƙaice ya tashi. Kusan shekara guda aka yi a haka, kuma ta ce ba ta taɓa shiga ƙunci irin na watannin ba, amma ko sau ɗaya ba ta ji da ta sani ba. Da damina ta zagayo, sabon aji biyar suka sake ƙirgar da yayyensu suka yi, suka samu gida biyar maimakon ashirin da uku. A makon Gwadabe ya zo makaranta da jikarsa, ya wuce ofis ya ce wa Mista Rwang, in ta kai aji biyar a sa ta a ajin ƙanwarsa. Da zai fita ya leƙa ta taga ya ce, "Hasiya, in kin tashi ki biyo ta gida, an yi dambu." Iyakar haƙurin da ya bayar ke nan, ita kuma ba ta nemi ƙari ba.

Malama, ke ce kika tsaya a tsakanin sunan mahaifinki da ran 'ya'yan mutane, kika ƙi yarda cewa sai an zaɓi ɗaya. Kin bar 'yar shekara goma ta faɗi gaskiya a gaban manya, kina zaune kina jin zafinta a jikinki, ba ki karɓe sandar daga hannunta ba. Uwar masu tambaya, wannan darasin babu shi a manhaja, kuma waɗanda suka gan shi ba za su manta ba.

Yanzu saura makonni ta tafi, amma ba ta sassauta ba. Kowace Asabar da safe tana zama da ƙananan malamai uku a ƙarƙashin bishiyar mangwaron makaranta, suna bin manhaja tare. Malama Loyis, wadda za ta gaji ajin, ta ce ta taɓa kai mata kuka cewa yara sun yi yawa, ba kayan aiki, albashi ba ya zuwa a kan lokaci. Malama Hasiya ta ce duk gaskiya ne, kuma a ci gaba da faɗa wa hukuma har ta ji, amma yaron da ke gabanta bana ba zai sake yin aji biyar ba, ba zai jira a gyara ƙasa ba.

Mun gode, Malama Hasiya. Mun gode a madadin waɗanda suka koyi karatu a hannunki bayan an fid da rai da su, da iyayen da 'ya'yansu suka ga wata daminar saboda kin ƙi rufe ido. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai albarka, ya jiƙan Malam Mahdi, ya ci gaba da kai masa ladan ruwansa.

Ku kuma malaman da ke riƙe da alli a Bukuru da Dutse Uku da Anguwan Rukuba da ko'ina, ba digiri ta fi ku ba, ba kuma wani ya aiko mata da kaya daga waje ba. Iyaye, ku riƙa leƙa aji, ku faɗi abin da kuka gani da ladabi. Malamai, ku saurara in an faɗa. Ranar Litinin wani yaro zai ɗaga hannu da tambayar da ba ta cikin littafi. Kada ku ce masa ya zauna.